Daga Ngaundere zuwa Kusiri: ina ne ya isa a ratse hanya don cin abinci?

Telan Garwa

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara, musamman daga direbobi da 'yan kasuwa masu bin hanyar arewa.

Kawuna zai hauro daga Yawunde a watan Fabrairu in Allah ya kai mu, muna da ɗaurin aure a Kusiri. Tun yana saurayi ya sauka kudu, a Briqueterie yake da shagon yadi, kuma ya riga ya yanke hukunci cewa duk faɗin Kamaru babu nama sai tsiren unguwarsu. Ko waya muke yi sai ya sako zancen. Ni na ci tsiren nasu, yana da daɗi, ban musa ba. Amma shanun da suke yankawa can ai daga nan ake loda musu. To so nake in rufe masa baki cikin ladabi, da abinci, ba da gardama ba.

Zai shigo jirgin ƙasa na dare, in tarye shi a tashar Ngaundere da safe da motar wani abokina, mu gangaro Garwa mu kwana gida, sai Marwa, sannan Kusiri. Ba sauri muke ba. In akwai wurin da ya isa a bar kwalta dominsa, za mu bari.

Amma a fahimce ni. Ba otal nake tambaya ba, ba kuma gidan abincin nan mai ƙofar gilashi da ake miƙo maka takarda da Faransanci, ka zaɓa, a shiga ciki a ɗumamo maka na jiya. Wurin da mai shi ke tsaye da kansa a kan tukunyarsa ko tukubarsa nake nufi, abu ɗaya ko biyu ya iya, da shi aka san shi, in ya ƙare ya ƙare.

Bari in fara da nawa don ku gane. A nan Garwa akwai wata Hajiya, dattijuwa, a wani lungu in ka baro babbar kasuwa ka nufi gangaren gadar Binuwai. Ba zan sa sunanta ba tunda ban nemi izininta ba. Babu allo babu komai, rumfar kwano ce da labule, benci biyu, buta da sabulu a bakin ƙofa. Tuwon shinkafa take yi da miyar yakuwa da gyaɗa da ɗanyen kifi, ranar da aka samu giwan ruwa to giwan ruwa, ranar da babu sai karfasa. Shagona ba nisa, na sha zama ina kallon yadda take yi. Takan tafasa yakuwar ta tsiyaye ruwan farko, don tsamin ya ragu amma kada ya mutu gaba ɗaya, sannan ta dama niƙaƙƙiyar gyaɗa ta zuba. Kifin ba ta soya shi. Sai miya ta haɗa jikinta take jera shi gunduwa-gunduwa a sama, ta rufe, ta janye itace. Daga nan ludayi ba ya sake shiga tukunyar, sai dai ta kama bakinta da tsumma ta girgiza, don kada kifin ya farfashe. Yarinyar da ke taya ta aiki ma ba ta isa ta taɓa tukunyar miya ba, nata wanke-wanke da kwasar tuwo. Kan kifi kuwa ba a sayar wa baƙo, akwai tsofaffin da aka san nasu ne.

Ana idar da azahar, in ba ka zo ba sai gobe. Lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da Najeriya ta yi wasanninta a filin Rumde Ajiya, mutanen Yola da Mubi suka cika garin, aka yi ta ba ta shawara ta ƙara tukunya ta ƙara kuɗi. Ta ce hannunta tukunya ɗaya ya sani. Mu 'yan gida muka yi ta yini da burodi da shayi har Tunisiya ta taimake mu ta fitar da su. 'Yan'uwa na Najeriya ku yi haƙuri, ciki ne ya yi magana.

Irin wannan nake nema a Ngaundere da Marwa da Kusiri, ko ƙetaren gadar Kusiri, wato Njamena ta Cadi. Ku taimaka da kwatance, da lokacin da ake zuwa.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Malam Tela, Allah ya sa a ɗaura a sa'a. Na ja tirela a hanyar nan, daga Ngaundere zuwa Njamena, har gwiwa ta ce in zauna gida, saboda haka saurara.

Abu na farko, kada ka duba allo, duba motocin da suka tsaya. In ka ga manyan motoci sun jeru a gefen titi, wurin ba shingen jandarma ba ne, ba gareji ba ne, to akwai mai abinci a bayan nan. Direba ba ya taka wa mota mai cike da siminti birki saboda tuwo marar daɗi.

Ngaundere. Tun 1974 da layin dogo ya iso garin nan ya tsaya bai ƙara gaba ba, duk kayan arewa da na Cadi a nan ake sauke su a ɗora wa mota, shi ya sa kewayen tasha ya cika da masu abinci. Amma kada ku ci a bakin ƙofar tasha. Na wurin suna dafa wa matafiyin da suka san ba zai dawo gobe ya yi musu ƙorafi ba. Ku shiga gari, wajen ƙaramar kasuwa, ku tambayi mahauta inda su suke karyawa. Akwai masu langaɓu da ke ɗora ƙafar sa tun daren jiya a kan wuta ƙasa-ƙasa. Kafin gari ya waye romon ya yi kauri har yana manne maka leɓe, jijiya ta narke, ƙashi ya saki. Ka yago dogon burodi ka tsoma, ka matsa lemun tsami. Garin kan tudu yake, ya haura mita 1,000, sanyin safiyar Fabrairu ba wasa ba ne, kuma kawunka ya kwana zaune a jirgi. Wannan romon kaɗai zai rage masa rabin gardama.

Sai kilishi. Kowa ya san kilishin Ngaundere, amma ba kowane ake miƙo maka a takarda ta tagar mota ba ne nasu na gaske. Ku je inda ake yi, ku gani da ido. Mai yi na ƙwarai cinyar sa yake samu, irin gudalin nan na Adamawa, ya zauna da wuƙa yana warware tsoka ɗaya har ta zama falle guda mai faɗi ba tare da ta yanke ba. A shanya a kan gadon kara ya sha rana, a tsoma a labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta da kanumfari da masoro da kimba da albasa da barkono, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. In za ka saya ɗaga shi sama, in haske yana ratsa shi ya yi. Karya gefe, in ya karye ƙas to ya bushe, in ya lanƙwashe yana ja, da sauran ruwa, kafin ku kai Marwa zai canza wari. Wanda ya yi ja jawur kuma kala ce, ba yaji ba. Ka bar kawu ya tsaya ya ga aikin, shi ma ɗan kasuwa ne, zai gane.

Daga nan zuwa Garwa wajen kilomita 280 ne. Ku sauka gangaren dutsen nan da rana tsaka, a hankali, wanda ke tuƙi ya riƙe giya ya bar dogaro da birki, mun ga abin da muka gani a wurin. Kuna sauka sai Mbe, garin doya. Ba wani gidan abinci zan kwatanta maka ba, mata ne a bakin titi da gasasshiyar doya da soyayya da yaji. Ku ci, ku kuma saka ɗanya a bayan mota ku kai wa gidan biki, a Kusiri doya abin kirki ce.

Wurin da ya isa a bar hanya kuwa shi ne Lagdo. 'Yan Sin suka gina madatsar ruwan daga 1977 zuwa 1982, tafkin ya jawo masunta daga ko'ina, Musgum, Kotoko, Hausawa, 'yan Najeriya da 'yan Cadi. Amma kada ka ce za ka ratsa can ranar da kuka taso daga Ngaundere. Da yamma za ku isa, kifin kirki ya tafi tun hantsi, dillalai masu ƙanƙara sun kwashe manya sun yi kudu da su. Ku kwana Garwa, ku yi sammako bayan asuba, kilomita hamsin da wani abu ne. Ku tsaya bakin ruwa kwale-kwale na isowa, ka zaɓi naka da hannunka, ka buɗa kunnensa ka ga ja ne, ka biya, ka miƙa wa matan da ke gashi a rumfunan bayan wurin. Tana tsaga shi, ta shafa gishiri da tafarnuwa da citta, ta ɗora a waya. Ba ya son fiye da haka. Ni bargi na fi so a kan giwan ruwa, ko da yake mutane na raina shi, amma wannan ra'ayina ne.

Uwargida daga Marwa

Sannunku. Baba direba, Allah ya ƙara lafiya, amma tun daga sama har ƙasa nama da kifi kawai kuka lissafa, sai ka ce mutum kura ne. Malam Tela, in ka kawo kawunka Marwa ka ba shi tsire, ka ba shi abin da ya baro a ƙofar shagonsa. Ba shi abin da kuɗinsa ba zai saya masa a Yawunde ba.

Kuma kun yi sa'ar lokaci. Fabrairu sabuwar masakwa ta shigo. Dawa ce da ake dasawa bayan damina ta ɗauke, wajen Satumba da Oktoba, a ƙasar karal, baƙar lakar nan mai riƙe ruwa, ta girma da danshin ƙasa kaɗai har a girbe ta a Janairu da Fabrairu. Za ku ga gonakinta hagu da dama tun kafin ku shigo gari. Tuwon sabuwar masakwa, musamman safrari mai ɗan rawaya, yana da ƙamshi da zaƙi-zaƙin da masara ba ta da shi, kuma ba ya zama dutse a ciki. A sa masa miyar tafasa da wake, ko karkashi, ko busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, da daddawar batso wadda mu nan muke ce wa mbuja, ta 'ya'yan yakuwa, a ɗiga man shanu a kai. Wanda ya tashi da dunƙulen ɗanɗanon kanti, loma ta farko zai ɗan yamutsa fuska. Ta uku ba zai ɗago kai ba.

Inda za ku samu, ba a bakin titi ba ne, kuma ba tirelar da za ta nuna muku. Dabarar Baba ta maza ce. Mu mata ba ma zama a bencin mai tuwo, yaro muke aikawa da kwano, saboda haka mu muka san hannun kowa a unguwa. In kana son sanin mai abincin ƙwarai a kowane gari, tambayi matar gida: in baƙi suka faɗo miki ba shiri, gidan wa kike aikawa? Ba za ta aika inda za ta ji kunya ba.

Ni gidan da nake aikawa yana cikin tsohon gari, wajen Kakatare. Gida ne na zama, a zaure ake ci, tabarma ce ba benci ba. Matar ta gaji sana'ar daga uwarta. Ita ke zuwa kasuwa ta zaɓi dawarta, ta surfa, ta wanke, ta shanya, sannan a kai niƙa, ba ta sayen gari. Tafasar ma tun da damina take tsinka ta shanya a inuwa, ba a rana ba, shi ya sa miyarta ke fitowa kore maimakon baƙa. Na taɓa shiga cikin gidan da hantsi na tarar da ita tana tuƙi, ta dafe tukunya da ƙafa ta cikin ƙarfe biyu, muciya ta kusa kai mata kafaɗa, gumi har gwiwar hannu. Saboda haka don Allah in ta faɗi kuɗi kada a yi ciniki. Itace a Marwa ya zama abin da ya zama, daga nesa ake kawo shi a keke da amalanke, kuma rabin ribarta a murhu take ƙonewa. Maza sai su biya mai tsire abin da ya ce ba musu, su zo kan mai tuwo suna neman ragin sefa 50.

Kifin unguwar Domayo da dare da ake ta yabo, yana da kyau, ba ƙarya. Sai dai yawancin masu gashin a ƙofar mashaya suke, ga kiɗa. Dattijo mai zuwa ɗaurin aure ba wurin zamansa ba ne. Ka je kai kaɗai ka sa a naɗe maka, ku ci a masauki.

In kuma kuna da yini guda na banza, ku bi ta Bogo ku je Maga, wajen kilomita 80. Tafkin tun 1979 aka tare shi saboda gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, to ga kifi ga shinkafar da aka noma a wurin, a faranti ɗaya. Shinkafar gida ce, tana da ɗan tsakuwa in mai dafawa malalaciya ce, amma ɗanɗanonta ya fi ta buhun waje nesa. Gaba kaɗan ga Pus a bakin kogin Lagon, kasuwarta ranar Talata take ci. Da rani hanyar na biyuwa, da damina ban ba ku shawara ba.

Ɗan Gidar

Ni dai ban ga abincin da zan ƙona mai in je nema ba. Da can da man Najeriya ke shigowa a jarka da araha, to, sai a yi ta yawo. Tun da suka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda kwalba ta koma. Ku lissafa zuwa Lagdo da dawowa, da zuwa Maga da dawowa, kuɗin man ya sayi rago.

Kuma duk wanda ya yi magana a nan, abin da ya saba ci yake yabo. Tela na yabon maƙwabciyarsa, Uwargida na yabon ta unguwarsu. Ni ma in an tambaye ni cewa zan yi babu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa irin na garinmu Gidar, wanda kuwa gaskiya ne, ku ratso ku saya, ba nisa da babban titi.

Abu ɗaya zan ƙara da ba wanda ya faɗa. Kafin ka zauna a kowace rumfa, leƙa bayanta ka ga ruwan da ake wanke kwano. In bokiti ɗaya ne tun safe, ya yi kauri, tashi, komai sunan mai abincin. Ku riƙe ruwan shanku a mota. Dattijo za ka ɗauko, kada ka kai shi gidan biki yana neman bayan gida.

Ɗalibi a Kusiri

Yaya Tela, barka da shiri. Ni a nan Kusiri nake, kuma kusan kullum ina ƙetarawa, bari in ba da nawa.

Na farko hanya. Daga Marwa zuwa nan wajen kilomita 260 ne, amma kada lissafin ya ruɗe ku. Har Mora lafiya lau, daga nan ta Waza da Dabanga sai haƙuri, ga ramuka ga shingaye, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce, saboda rashin tsaro. Ku karya da kyau a Marwa, ku fita da sassafe, kilishin Baba ya yi muku amfani a hanya. Kada ku sa ran wani abin kirki a tsakani.

A Kusiri kanta kifi ne, tunda nan kogin Lagon ya haɗu da kogin Shari. Amma gidan biki za su cika ku da shi, matan Kotoko ba a koya musu miyar kifi. Saboda haka abin da zan ce ku fita nema yana ƙetare. Ku hau gadar Ngeli ku shiga Njamena da katin shaidarku a aljihu, ku je da hantsi ku dawo kafin yamma ta yi, don ana rufe iyaka da dare.

Naman raƙumi za ka ba kawu. Na tabbata bai taɓa zama an gasa masa shi yadda ake yi a can ba. Ba a tsinke ake yi ba, kuma ba ƙuli. Manyan tsoka ne a kan faffaɗan ƙarfe, mai gashi na tsaye da wuƙa, ka faɗi na nawa kake so, ya yanka a gabanka ƙanana-ƙanana, ya haɗa maka da ɗan kitsen tozo. A kawo a tire da albasa da lemun tsami da garin barkono a gefe da burodi, kowa ya sa hannu. Ka ce a sa tozon, in babu shi naman ya cika tauri. Kuma a ci da zafinsa, kitsen raƙumi yana sanyi yake daskarewa a dasashi. Abincin safe zuwa azahar ne a wurinsu, wanda ya zo da la'asar saura zai tarar. Wanda nake zuwa wurinsa wani Balarabe ne dattijo a layin da ke bayan kasuwar hatsi, ba ya magana da yawa, kuma in ya ga baƙo ne yakan yanko ɗanɗano ya miƙa a bakin wuƙa kafin a yi ciniki. In an samu hanta ku karɓa. Akwai kuma marara, kayan ciki ke nan, ga mai so.

Uwargida ta yi gaskiya a kan tuwo, to a can ma akwai abin da ya fi nama, kisar. Ƙullun da ya kwana ya yi tsami ake shafawa siriri a kan ƙarfe mai zafi, a ɗaga shi falle-falle, a ci da miyar kuɓewa ko ta busasshen naman da suke kira sharmut. Mata ke yi a cikin unguwanni, ku tambayi mai naman zai sa yaro ya raka ku. Bayan nan ku nemi masu markaɗa mangwaro ko gwaba da madara da ƙanƙara, ku rufe da jan shayi.

Hattara da lissafi. Sefa ɗaya muke kashewa da su, amma a kasuwa da riyal suke ƙirga, riyal ɗaya sefa 5 ne, daidai da dalarmu. In ya ce riyal 100, sefa 500 yake nufi, in ya ce 200, jaka guda ke nan. Tsarabar da za ku koma da ita kuwa salanga ce, busasshen kifin nan siriri, ba ta lalacewa a hanya.

Ɗan Gidar, mai na da tsada, gaskiya ne, amma gada ko a mashin ana hawa.

Telan Garwa

Kai, Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na roƙa. Baba, na karɓi gyaran Lagdo, daga gida za mu yi sammako. Uwargida, na ji, ba za a yi ciniki ba, ni ma mai sana'ar hannu ne, na san zafin a raina maka aiki. Ɗan Gidar, motar ba tawa ba ce amma man nawa ne, ka taɓa ni inda ke ciwo. Duk da haka kawu ba kullum yake haurowa ba. Maganar bokiti kuwa na riƙe.

Ga yadda na tsara. Ya sauka Ngaundere ranar Juma'a, langaɓu da kilishi, mu yi sallah mu gangaro. Asabar Lagdo da safe. Lahadi mu tashi, Litinin Marwa, Talata Maga da Pus, Laraba mu kama hanyar Kusiri, Alhamis Njamena, ɗaurin aure Juma'a. Matsalata guda: in muka ci kifi a Lagdo ranar Asabar, yaushe zai ci na Hajiyata? Ba na so in haɗa masa kifi biyu a yini ɗaya, ɗaya ya kashe ɗaya.

Tsohon Direba

Kada ku jira sallar Juma'a a Ngaundere, dare zai same ku a hanya, kuma tsakanin Mbe da Ngong daji ne, ga shanu na ƙetare titi. Matafiya ne ku. Ku gama da kilishi ku tashi da hantsi, ku yi sallah inda ta same ku.

Na Hajiyarka kuwa mai sauƙi ne. Lahadi ai kasuwar Pitowa ke ci, kilomita 15 kawai daga Garwa, kuma a kan hanyarku take. Ku je da safe ku sha kindirmo da dakere wurin matan Fulani, ka duba wadda ƙwaryarta ke rufe da faifai, ku dawo gari ku ci tuwon Hajiya kafin azahar, sannan ku ɗauki hanyar Marwa, kilomita 200 da 'yan kai, ku shiga kafin magariba. Komawa baya ce ta ɗan lokaci, Ɗan Gidar zai yi gunaguni, bar shi.

Uwargida daga Marwa

Litinin ce ranar babbar kasuwar Marwa, mutanen ƙauye na shigowa, tuwonta kafin sha biyu ya ƙare. In kun iso daren Lahadi ka yi mini magana ta akwatin saƙo, zan aika yaro da sassafe ya ce a ajiye na mutum uku. Ka faɗa mini ko kawun na cin yaji, don nata barkonon a cikin miya take sawa, ba a gefe ba.